Tazarar Ɗinki

Kuran ya tafi tun kafin isha.
Zango ta yi shiru, Birni ta yi baƙi ƙirin.
Na hau dutsen bayan gidanmu da kwamfuta a hammata,
dutsen yana amayar da zafin da ya sha tun hantsi.
Kawu Nomau ya biyo ni da basilla da guntun jar fata,
wai shi hannunsa ya daɗe da raina fitila.

Ya ce, Tsahara, shekara bakwai kina can,
me kike ƙirgawa da Mai Sama bai ƙirga ba?
Na ce, ba ƙirga nake ba, Kawu. Turaku nake kafawa.

Ya nuna Zara da bakin basilla: ga turke mai haske.
Na ce, waccan 'yar yawo ce,
inda ta kwana da azumi ba nan take da layya ba.
Ko cikin masu zama, mai yawan haske wahala ce,
tana cika idon na'ura har ta malalo,
kamar mai da ya zuba a kan fata, ba ka sanin tsakiyarsa.

Ƙanana muke bi,
waɗanda ba a yi wa suna ba, ba a yanka musu rago ba,
sai lamba doguwa kamar ta tarho.

Madubin da muke leƙe da shi ƙuncin ido gare shi,
farcenka ma ya fi tagarsa faɗi.
In baƙo ya gitta ta wannan taga,
dutsen sama ne ko wani kumbo da ya ɓace,
aka tambaye ni, ina yake?
in sanannun taurari biyu kacal ke ciki, me zan ce?
Kamar a tambayi gidan Hajo mai ƙosai
ka ce yana tsakanin Damagaram da Tanut.
Ba ƙarya ka yi ba, amma baƙo zai kwana da yunwa.
Ni so nake in ce: wuce rijiya, bar mai gyaran keke a hagu,
ƙofa ta uku, mai labulen buhu.

Kuma, Kawu, su ma suna jan ciki.
Kaurin gashi guda, in ka hango shi daga Mirriya,
amma shekara tana bin shekara,
kundin da aka rubuta ina goyo ya fara sassautawa.
Akwai wasu fitilu can ƙarshen nisa
da motsinsu bai iso gare mu ba.
Su ne manyan turaku, sai dai ba su da yawa.
A jikinsu muke ɗaure ƙanana,
dare bayan dare, ana gogewa ana sake awo.

Ya daɗe bai ce komai ba. Ina jin zare yana ratsa fata.
Can ya ce, majemi in ya shanya ƙirgi da turke huɗu,
gefe zai yi kyau, tsakiya ta tattare.
Ya miƙo mini alaben, ya ɗora yatsana a kan ɗinkin.
Na bi shi a duhu. Ban sami inda farce zai shiga ba.
Ubangidana, ya ce, in ya ga tazara, warwarewa yake,
ko da na kai ƙarshe.

Na buɗe kwamfuta. Saura kashi tara.
Wani yanki kudu da Kaza da 'ya'yanta,
bara sha ɗaya gare mu a nan, bana ɗari da arba'in,
uku ban yarda da su ba tukuna.

Sai kuran ya dawo.
Yara suka yi ihu daga Sabon Gari har bakin tasha,
rabin sama ya goge.
Kawu ya ciji zare, ya tofar,
ya ce, ukun nan, gobe ki sake duba su.